Kitson Tafiya Katsina

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ina sanar da ke ba ni da lafiya, kuma ciwon ba na jiki ba ne.

Tun da jaririna ya koma, hankalina ya ƙi zama wuri ɗaya. Ba ki ga gidajen ma'aikata na Kaduna ba, kin huta. Malam ya tafi ofis, ruwa ga famfo, maƙwabta kowa ya ja ƙofarsa, ko ƙarar taɓarya ba ka ji. Daga ni sai tunani. Tuwo ya sha ƙonewa a gabana ina kallonsa.

Malam ya ce 'yar farinmu za ta koma Katsina wurin yayarsa har in warware. Ban ga laifinsa ba, Inna, amma na tsorata, don motsin yarinyar nan ne kawai ke sa ni tashi daga tabarma.

Jiya da safe na zaunar da ita in yi mata kitson tafiya. Sai na tuna ki a tsakar gidanmu na Zariya, kina ƙwanƙwasa min yatsu da tsinke: "Hannunki yana nan, ke kina ina? Dawo!"

Na dawo. Na shaƙi ƙamshin man shanu, na ji ɗumin kanta a tafina. Hankali ya gudu maƙabarta, na jawo shi kan tsaga. Ya gudu Katsina, na sake jawo shi. Kafin in gama shuku ƙirjina ya yi sauƙi. Har dariya na yi, don tana gyangyaɗi baki buɗe, ke sak.

Ke kika hore ni da kunyar 'yar fari, ban taɓa kiran sunanta ba. Da gwaggonta ta kama hannunta za su tashar mota, sai na ji bakina ya ce, "Hadiza." Ta juyo tana waige-waigen wanda ya kira ta. Ni ba ta duba ba, Inna. Suka tafi.

Allah ya jiƙan ki, ya tsare min ita, ya ba ni lafiyar da zan je in ɗauko ta.

'Yarki mai kewarki,
Rabi