Ƙorafi Kan Murɗin da Aka Yanka wa Bindigar Mahaifina

Yusha'u Inuwa Maharbi,
Bakin Kasuwa, Rigachikun.
9 ga Janairu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Maƙeran Bindigar Toka,
Kaduna ta Arewa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƁARNAR DA HAMISU MAƘERI NA UNGUWAR SHANU YA YI MINI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 4 ga Nuwamba, 2023, na kai wa Hamisu, ɗan ƙungiyarku, bindigar toka da na gada wurin mahaifina, domin ya yanka mata murɗi a cikin bututu, wato layukan da ke juya harsashi ya tafi saiti.

2. Na nuna masa dalmata, ya riƙe ta a tafin hannunsa. Dunƙulalliya ce, a tsumma nake naɗe ta kafin in ɗura. Duk maƙerin kirki ya san irin wannan dalma, murɗi mai sassauci take so. Matsattsen murɗi na dogon harsashi ne. Shi kuwa gwanin, sai ya kwaikwayi wani hoto da ya gani a waya, ya matse murɗin tamau.

3. Ranar 16 ga Disamba, a gwajin shekara na maharban yankinmu, na harbi tulu sau uku daga taku arba'in. Murɗin ya yayyage tsumman, dalma ta kama gabanta, tulu ko ƙwarzane. A take aka karɓe jagorancin farauta da na riƙe shekara goma sha tara. Yanzu a gari cewa ake idona ya mutu. Ranka ya daɗe, idona ƙalau yake, zare nake sa wa allura.

4. Da na koma masa, ko tashi bai yi ba daga bakin zugazugi. Wai hannuna ne ke rawa. Bututun kuma an riga an cinye shi, ba ya gyaruwa.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta hana Hamisu taɓa bututun kowa har abada, ya koma ƙirar lauje da fartanya. Kafin nan, a kawo shi gaban maharbanmu, a ɗura masa wannan bindiga, ya harba da hannunsa da ba ya rawa. Kada a aiko shi da ban haƙuri, ban yafe ba. A dai sanar da ni ranar tun da wuri, domin in gayyato duk wanda ya yi mini dariya.

Ina mai ƙanƙan da kai da jiran adalcinku.

Naka mai biyayya,
Yusha'u Inuwa Maharbi