Warshu a Bakin Mubina

Lahadi, 5 ga Rajab 1435 (Mayu 2014)

Ɗiyata Mubina na gab da kammala firamare, hanyoyi uku kuma sun buɗe a gabanta kamar rassan kogi: makarantar unguwa da ke nan Ka'akiyya a Makka, makarantar haddar Alƙur'ani ta 'yan mata, sai ajin haziƙai, inda ake ba lissafi da kimiyya ƙarfi, wanda ta riga ta ci jarrabawarsa. Duk na gwamnati ne. Albarkacin mahaifiyarta Nuf, haifaffiyar Makka mai takardar ƙasa, babu ƙofar da ta haramta gare ta. Ni kuwa, baƙon da ya taso daga Zariya neman ilimi har furfura ta riske shi a shagon littattafai, zuciyata ta daɗe da zaɓar hadda. A hanyar shago na yi baiti:

Ɗiyata, nufi tafkin haske ki sha,
Ƙishin lissafi ba ya ƙarewa da sha.

Ƙafiyar ta yi rauni. Nuf ta saurara ta ce, "Abu Mubina, baiti ba ya kama gurbi. Zuwa ƙarshen wata aka ba mu."

Laraba, 8 ga Rajab

Talal, ƙanen Nuf, ya zo shan shayi. "Ya Ustaz, kai ka haddace mana, ya ishe mu ceto. Bar mana wannan, dangi na neman likita." Na yi masa jawabi mai tsawo a kan falalar mahaddata, ya cinye dabinon yana gyaɗa kai. Mubina ce ke zuba shayin. 

Litinin, 13 ga Rajab

Ranar gwaji a makarantar hadda. Namiji ba ya shiga, don haka na zauna a inuwar katanga tare da mai gadi, ina jin muryoyin 'yan mata na tashi daga ciki kamar tsuntsayen Harami da hantsi.

Nuf ta fito fuska ba yabo ba fallasa. Ga abin da ya faru. Gajerun surori Mubina ta koye su a makaranta da ruwayar Hafsu, wadda ake karantawa a ƙasar nan. Dogayen kuwa daga bakina ta ɗauke su bayan sallar asuba, da ruwayar Warshu, yadda mahaifina ya biya mini a zaurenmu, yadda kuma ƙasar Hausa ke karatu tun kaka da kakanni. Shekaru muna haka, bai taɓa faɗo mini a rai cewa zai zama matsala ba. Da aka ja mata baƙi a Baƙara, sai ta zuba da Warshu. Malamar ta tsayar da ita cikin ladabi, ta ce karatu ne ingantacce, babu aibu, amma makarantarsu Hafsu zalla take bi. Za a ajiye mata gurbi idan ta mayar da haddarta duka zuwa Hafsu kafin hutu ya ƙare.

Talata, 14 ga Rajab

Yau ban yi baiti ba.

Asabar, 18 ga Rajab

Mun fara juyin. Na ɗauko mus'hafin Madina na buɗe a gabana kamar ɗan koyo. Hafsu ba baƙo ba ne a kunnena, kullum shi nake ji a bayan liman, amma da na saki jiki sai harshe ya koma gida, kamar raƙumin da ya san rijiyarsa. Mubina ta ce, "Abuya, ka sake komawa Zariya." Muka yi dariya, mahaifiyarta na jin mu daga kicin.

Yarinyar ba ta musu. Abin da na ce shi take yi. Ban san me ya sa wannan ke damuna ba.

Talata, 21 ga Rajab

Da asuba ta karanta mini farkon Ali Imrana da Hafsu, babu tuntuɓe, kowace hamza a mazauninta. Ya kamata in yi murna. Sai na ji kamar 'yar maƙwabta ce ta shigo biya karatu. Wannan lanƙwasar da muryar mahaifina ke yi, wadda na saba tsinta a bakin jikarsa da bai taɓa gani ba, babu ita.

Ta rufe mus'hafin ta ce, rabi Hausa rabi Larabci, "Abuya, in na koma Hafsu duka, wa zai riƙe karatun Kaka? A ajin lissafi babu mai taɓa mini shi."

Ko tausayina ne ya sa ta faɗa, ko dabarar mai lissafi ce, ban bincika ba.

Alhamis, 23 ga Rajab

Na yi istihara. Na ce wa Nuf ta kai sunanta ajin haziƙai. Ta dube ni. "Halas, an gama magana?" Na ce halas. Haddar za mu ci gaba da ita a gida, da Warshu.

Lahadi, 26 ga Rajab

Na kai su ganin sabuwar makarantar, na sake zaman bakin ƙofa. Talal ya bugo waya yana tsokana, wai Ustaz ya sallama. Na ce masa don kare Warshu na yi. Haka na faɗa, haka kuma zan ci gaba da faɗa.

A mota Mubina ta ɓarke da labari: wani madubi da ake leƙa ɗigon ruwa a ga halittu na iyo, malamar da ta bar ta ta taɓa shi, teburin da za ta zauna. Larabci ne tsantsa, da gudu, hannuwa na tashi sama. Rabi kawai na kama. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka a gabana ba.

Da muka iso kwanar layinmu na miƙe ban juya ba. Nuf ta kalle ni. Yarinyar ba ta gama ba tukuna.