Bokitan Ƙafar Giwa

Faskari,
20 ga Satumba, 2021

Maigidana Abban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na Fatakwal. Ya ciwon bayan nan? Mu lafiya lau. Tun da aka katse layin waya ban ji muryarka ba, kullum sai Ummi ta ɗauko wayata ta ce in kira ka. Malam Ɗanhausa direba zan ba wannan takarda.

Ka tuna takalmin Ƙafar Giwa da na fara sawa a shago kafin ka tafi. Kamfanin ya fito da garaɓasa. Kowane kwali da kati a ciki, mai kati biyu ya amshi bokiti, mai huɗu tocila, mai shida rediyo. Adnan, wakilinsu na yankinmu, shi ya liƙa mani sanarwar a ƙofa. Ni kuwa na saki baki ina talla, har Yankara da Damari an san da maganar. Takalmi ya ƙare sau uku, amma ko murfin bokiti ban gani ba. In na tambayi Adnan sai ya ce motar Kano ce ba ta iso ba saboda hanya. Ba waya, wa zan tambaya?

Shekaranjiya Mama Lidiya ta taso tun daga Damari da kati shida. Jikokinta ta saya wa takalmi don ta samu rediyo. Karo na uku ke nan tana zuwa. Da na fara ba ta haƙuri, sai ta zube katunan a ƙafata, ta ce uwata ta shekara talatin a kasuwar nan ba ta ci haƙƙin kowa ba, ni a ina na koya? Mutane cike da bakin shago. Na duƙa na tsince katunan ɗaya bayan ɗaya.

Yau kwana biyu ko silifas ban sayar ba. Ka sa ni a addu'a.

Matarka,
Zulfa

Faskari,
24 ga Oktoba, 2021

Abban Ummi,

Salamu alaikum. Takardarka ta iso, na karanta ta ya fi sau goma. Na ji daɗi da bayan ya yi sauƙi. Innata tana gaishe ka, an gama yankan masara.

Ka ce in bar wa Allah. Na bar mashi, shi kuma ya nuna mani. Na je Ƙanƙara sunan ɗiyar ƙawata Baraka, a hanyar komawa tasha na ga shuɗɗan bokitai jibge a shagon wani Nasir, kowanne da ɗan baƙin fenti a gefe. Na sayi ɗaya. Ina isowa gida na goga mashi kananzir. Giwar kamfanin ta fito, ƙarƙashinta an rubuta: Kyauta ce, ba ta sayarwa ba. Na koma washegari na sayi bokiti uku da rediyo ɗaya. Nasir bai san ni ba, har yana yi mani fahariya wai abokinshi ne ke kawo mashi su da arha.

Da ina so, da na shiga mota zuwa Zariya inda akwai layi, na buga wa kamfanin waya. Ba na so. A kori Adnan a ɓoye cikin ofis, ni kuma in ci gaba da zama ɓarauniya a bakin mutanen Damari? A gaban jama'a aka ci mutuncina, a gaban jama'a zan rama.

Ranar sha uku ga wata mai kamawa manajarsu za ta zo nan ta ba Adnan babur, wai shi ne wakilin da ya fi kowa ciniki. Da gumina. Jiya ya biyo ta shago, na ba shi zoɓo mai sanyi, na taya shi murna. Ya tafi yana washe baki. Ni kuma duk ranar kasuwa ina bin masu kati, ina gaya masu su zo taron da katunansu a hannu.

Kada ka yi fushi da ni.

Taka,
Zulfa

Faskari,
28 ga Nuwamba, 2021

Abban Ummi, abin alfaharina,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan sanyi bai matsa maka ba. Ummi ta fara famfara.

An yi taron. An kafa rumfa, babur na sheƙi, Adnan ya sha farar shadda. Manajar, Hajiya Asma'u, ta miƙa mashi makulli ke nan na fito da bokitina da kwalbar kananzir. Na tsuguna a gabanta na goge fentin, na faɗa mata inda na saya. Sai mutum sittin da wani abu suka ɗaga katunansu sama. Adnan ya fara maganar hanya. Hajiya ba ta ko dube shi ba, ta buɗe tafin hannunta kawai. Ya daɗe kafin ya saka mata makullin. Cikin sati aka kawo kyaututtukan, kowa ya amshi nashi, shi kuma aka dakatar da shi daga aiki.

Bayan kwana huɗu mahaifiyarshi ta zo gida. Tsohuwa ce, Abban Ummi, ta girmi Inna. Ta ce kamfanin ya ce in na rubuta cewa saɓani ne aka samu, za a maida shi. Ta kama hannuna tana kuka. Na ce zan rubuta takarda, amma sai ɗanta ya je kasuwar Damari ya faɗi abin da ya yi da bakinshi.

Ya je. Ya hau benci kusa da masu awon hatsi ya ce shi ya sayar da kayan, Zulfa ba ta ci komai ba. Muryarshi ba ta fita sosai, na ce ya sake, na baya ba su ji ba. Ya sake.

Na cika alkawari, na rubuta. Na rubuta ranar, da wurin, da duk kalmar da ta fito bakinshi, shaidu biyar suka sa hannu. Kalmar saɓani ba ta ciki, don ba a yi saɓani ba. Takardar korarshi ta iso ranar Alhamis.

Inna ta daina yi mani magana. Ta ce na yaudari tsohuwa, kuma na san akwai gaskiya a maganarta. Na jira nadama ta zo, ina ta jira. Jiya mahaifiyar tashi ta wuce ta ƙofar shago, na fito na durƙusa na gaishe ta. Ta tsaya ta dube ni, ta ce Allah ya raya mani Ummi, ta wuce. Wannan addu'a ta fi zagi zafi, amma ko yau aka ba ni biro, abin da na rubuta zan sake rubutawa.

Ka dawo ka yi mani faɗan da bakinka. Na ƙosa in ji muryarka, ko da ta faɗa ce.

Matarka har kullum,
Zulfa