Fulogin da Oga Ya Jefar

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gareji a Sabon Tasha, yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau nake, bayana ne kawai ke ɗan ciwo saboda wuni kan injin yanke ciyawa, irin wanda ake tuƙawa.

Amma raina a ɓace yake. Jiya na juye baƙin mai, na wasa wuƙar injin, na kankare fulogi na wanke da fetur yadda ka koya mini. Oga ya ƙwace ya jefa shara, wai a Kanada sabo ake sawa, in na sake kuma in nemi wani aikin. Baba, fulogin nan lafiyarsa ƙalau. Yana juya baya na tsince shi. Yana cikin akwatina, kai zan kawo wa.

Allah ya bar mana kai.

Ɗanka,
Shekari