Igiyar Wajen Kai

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa. Haka aka koya mana fara wasiƙa a makaranta, amma ba a koya mana abin da ke biyo baya ba idan wanda ake gaisarwa yana cikin ƙasa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma da ka sha wuya, don Hausarka ta tsufa a bakinka tun ranar da ka bar Kano. Da ita zan rubuta duk da haka. Da ita ka fara kirana 'yarka.

Muna nan unguwarmu ta Titiwangsa, a ƙasar nan ta gabas mai nisa da na zo karatu, a kulle kamar kowa saboda annobar nan. Kabiru, surukinka da ba ka taɓa gani ido da ido ba, shi kaɗai ke fita cefane, don mutum ɗaya aka yarda wa kowane gida. An rufe makarantarmu ta Jalan Semarak, bincikena ya tsaya inda ya tsaya. Jikokinka sun ƙara tsawo. Ƙaramin, Dauda, wanda na sa wa sunan da ka ɗauka lokacin da za ka auri Umma, har yanzu in na yi masa Hausa da Turanci yake amsawa, ya ƙara da “lah” a ƙarshe irin na mutanen ƙasar nan. Da ka ji shi da ka yi dariya.

Ban yi kuka ba, Baba. Na jira ya zo, bai zo ba. Ranar da Fiona, 'yarka ta can Sikotlan, ta kira ta ce cutar nan ta tafi da kai, ina yankan albasa ne. Na ce mata na gode, na ajiye wayar, na ƙarasa yankan. Ko albasar ba ta sa ni hawaye ba.

Da na gaya wa Umma a waya, ina jin kukan awakin maƙwabta ta bayanta. Can sai ta tambaye ni wai ko har ka mutu gishiri kake sa wa koko maimakon sukari. Na ce ban sani ba. Ta ce to, Allah ya ba ni haƙuri, ta kashe. Shekara nawa da rabuwarku, ta yi wani auren, ta haifi wasu 'ya'yan, amma abin da ya rage mata kenan.

Matan 'yan Najeriya na nan sun kira ni ɗaya bayan ɗaya, tunda ba damar zuwa zaman makoki. Kowace ta fara da ƙarfinta, sai ta zo wajen addu'a ta tsaya. Maman Hanif ce kaɗai ta iya tambaya kai tsaye, ta ce in yi haƙuri, amma dai Musulmi ne ko, don ta san abin da za ta roƙa. Me zan ce mata? A Fagge kai ne Malam Dauda mai sayen fatu, kana bin sahu da babbar riga wadda ba ta kai maka idon sawu ba. A can kuma ban san wane ne kai ranar Juma'a ba, ban san wane ne kai ranar Lahadi ba. Na ce mata ta roƙa abin da ya sauwaƙa.

Abin da na sani game da kai na can, a intanet na tsince shi kamar kowa. Ka koma gida ina 'yar shekara shida, ka buɗe masana'antar jakunkuna da fatar da ka koyi zaɓenta a hannun majeman Kano. Ka yi arziki, ka gaji da shi, ka shiga jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi. Ka zama kansila, daga baya ɗan majalisa. Na kalli jawabanka, kana cewa kowane mutum yana da 'yancin ya zama abin da yake, kana faɗa a kan kada a kori baƙin da suka zo neman mafaka. Na yi alfahari da kai, ban taɓa gaya maka ba. Na sha nuna wa yara, in ce ga kakanku nan, mai jan hanci.

Amma na ga takardar kamfen ɗinka ma. Kai, da matarka, da Fiona, da ƙaninta Callum, a gaban gida mai jan ƙofa. A ƙasa an rubuta kana da 'ya'ya biyu. Har kare ya samu shiga hoton nan, Baba. Duk Sallah kana kirana, ka ce, “Ina gajiya, 'yata?” ni kuma in ce babu gajiya, mu yi hirar ruwan sama da karatu. Sau nawa tambayar ta zo mini har baki na haɗiye? Biyu ne mu ko uku? Tsoro nake ji kada ka yi shiru, don na san in ka yi shiru Sallah mai zuwa ba zan ɗaga wayar ba.

Fiona ta sake kira kafin jana'iza. Ta bayyana mini wata al'adarku da ban taɓa ji ba. Wai a wajenku ana ɗaura wa akwatin gawa igiyoyi takwas, a raba wa makusanta, kowa ya riƙe tasa lokacin da ake saukar da mamaci. Masu haƙa kabari ne ke ɗauke da nauyin a zahiri, igiyar dangi ta girmamawa ce. In akwatin ya zauna, kowa ya saki tasa ta faɗa ciki. Ta wajen kai ita ce babba. Ta ce tawa ce. Na ce ta ba Callum, shi ne namiji, mu a wajenmu mata ko maƙabarta ba sa zuwa. Ta ce a'a, tun suna yara duk jana'izar da kuka je, a hanyar dawowa sai ka ce musu ranar taka ta wajen kai ta Hauwa ce, ita ce babba.

Ashe a mota kana faɗin sunana. Me ya hana ka faɗa a takarda? Me ya hana ka faɗa mini ni?

Ba jirgi, ba hanya, ko unguwar Brickfields ta nan cikin gari ba na iya zuwa balle Sikotlan. Sai Fiona ta ce za ta ba mijinta tata igiyar, ta riƙe tawa a hannun da take riƙe da waya, kyamara na kallon kabarin. Ta ce ba za ta saki ba sai na ce ta saki. Na amsa mata da to, kamar an ce in miƙo gishiri.

Ranar, tsakar rana ce a can, nan kuma magariba ta gabato. Na yi alwala, na sa hijabi, ban san dalili ba. Na zauna a kan darduma a falo. Kabiru ya kwashe yara zuwa ɗaki da abincin da ya yo tapau, wato aka ƙunso masa, daga shagon mamak, masu sayar da abinci na ƙasan benenmu, ina jin Dauda yana tambaya ko ya fara ci, “Daddy, boleh makan now?” A waya na ga ciyawa shar, da mutane kaɗan tsaye nesa da juna, kowa da takunkumi. Na ga akwatin. Ya yi mini ƙanƙanta, don ni a tsaye na san ka, kana sunkuyawa kafin ka shiga zauren gidanmu. Na ga igiyar, baƙa mai tuntu a baki, ta fito daga ƙarƙashin hoton ta miƙe zuwa wajen kanka, kamar daga hannuna ta fito.

Aka fara saukarwa. Masallacin unguwarmu ya ta da kiran salla, da ƙarin nan na kwanakin kulle da ke cewa kowa ya yi a gidansa. Akwatin ya zauna. Na ga sauran igiyoyin suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya. Saura tawa. Fiona ta kira sunana a hankali, yadda kake kiransa, da jan wasalin ƙarshe. Na buɗe baki. Ban san da wane yare zan faɗa ba, ban kuma san ko ina so in faɗa ba. Yanzu fa aka ba ni ita.

Sai hoton ya tsaya cak. Sabis ɗin gidan nan haka yake yi da magariba, kowa na kan waya. Na zauna ina kallon igiya a miƙe da 'yar da'ira tana juyawa a tsakiya. Ban tashi na matsa kusa da taga ba, inda na san ya fi kamawa. Na zauna kawai. Da ya dawo, sama nake gani da gefen fuskar Fiona, tana tafiya, iska na kaɗa gashinta. Ta ce ta jira iya jira, masu haƙa kabari suka ce lokacin da aka ba su ya cika. Ta yi ta ba ni haƙuri tana kuka. Na ce ba komai. Na tashi na yi sallar magariba, na wanke kwanuka.

Jaridar garinku ta rubuta labarin rasuwarka, ta yaba maka sosai. Ta ce ka bar mata ɗaya da 'ya'ya uku. Fiona ce ta sa aka rubuta haka. Na karanta, na sake karantawa, ina jiran in ji wani abu. Abin da na yi shekaru ina so kenan, ya zo, kuma wanda nake so ya faɗa ba ya nan.

Ka ce za ka zo bikin kammala karatuna, ka ce za ka sa siket ɗinku na maza don ka ba ni kunya a gaban 'yan Kano. Ban sani ba ko za a yi bikin ma. Kabiru yana cewa in an buɗe hanya mu je in ga kabarin. Wataƙila. Maman Hanif kuma ta aiko saƙo, ta ce ta yi maka addu'a a sujada, ta bar wa Allah sauran. Ni ma haka nake yi.

Fiona ta saki igiyar, na sani, tana can ƙasa tare da sauran bakwai. Amma ni ba a ji daga bakina ba, Baba. Ban ce a saki ba, kuma har yau ban ce ba.

Sai wata rana.

'Yarka ta fari,
Hauwa