Mijinta Ya Kai Ta Gyaran Nono, Huhunta Ya Taɓu Ya Ce Bai Sani Ba

Hajiya Tani, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi nadama. Ƙanwata Radiya tana kwance a asibiti da robar iska a hanci. Tun da ta yaye ɗanta na uku mijinta Aƙilu ya sa ta gaba da gori, wai ƙirjinta ya zube, har gaban ƙannensa yake mata habaici. Shi ya nemo asibiti a ƙasar waje, ya kai ta aka sa mata silikon, wata roba mai ruwa-ruwa, a kowane nono don ya ɗago. Mu aka ce mana Umara suka tafi. Bara ta fara tari, muka yi ta ba ta zuma da citta, har ta kai ba ta iya isa zaure sai ta dafa bango. Likita ya ce silikon ɗin nono ɗaya ya fashe, abin ya tsiyaya ya taɓa huhu. Kin san abin da mutumin nan yake faɗa a majalisarsu ta Ƙofar Gayan? Wai bai san ta yi ba, ta ci amanarsa. Mahaifinmu malami ne, yanzu ko sunanta ba ya son ji. Na tsani Aƙilu, Hajiya. Niyyata in same shi a majalisar in tona masa asiri kowa ya ji.

Yayar mai jinya, cikin birnin Zariya

'Yar'uwa, Aƙilu ya yi rashin mutunci, ƙaryarsa kuma ta fi gorin muni. Amma kada ki taka majalisar nan. In kin je, shi zai kaɗe rigarsa ya tashi, jikin ƙanwarki ne zai zama abin hira a unguwa. Radiya ma ba yarinya ba ce, ta yarda ta kuma ɓoye muku, sai dai gadon asibiti ba wurin tuhuma ba ne.

Ki fara da numfashinta. Ki zauna da likita ki ji ko za a cire abin, da yaushe, kuma likitan huhu ya ci gaba da duba ta. Sannan ki nemi izininta, ki ɗauki kawunku ku faɗa wa Malam gaskiya. Shi zai kira Aƙilu zaurensa, mu ga ko zai iya maimaita ƙaryar yana kallon idon surukinsa.

Allah Ya ba Radiya lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.