Abin da Suka Mai da Nanven

Glenwood, Greensboro
4 ga Maris, 2024

Baba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taka? Yaya Mama da hawan jini? Ni lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ka tuna tsohuwar da nake jinya a Pleasant Garden? Ɗanta, Mista Harlan, yana cikin masu binciken UFO, wato jiragen da suke cewa na halittun wata duniya ne. Bara ya ga hoton Nanven a wayata ya tambaye ni. Na gaya masa gaskiya: ƙanena ne, ya faɗa kududdufin kuza a Bukuru yana ɗan shekara sha huɗu, 'yan unguwa suka yi ta nema da fitilu, a kwana na uku aka tsamo shi.

Baba, fitilun nan Harlan ya mayar "haske daga sama". Ya yi bidiyo wai halittu sun sace yaro a Najeriya sun dawo da gawarsa. Maƙwabciyata Sa'ida, mai karatun digiri na uku, ta taya ni bin sawun maganar. Wata mata a Arizona ta kwashe ta sa a littafinta, ta ƙara da cewa ruwan ya tafasa. Wani mai podcast, wato shirin sauti a intanet, ya karanta littafin, ya ƙara da sojoji sun kewaye wurin. Yanzu Harlan na cewa majiyoyi uku daban-daban sun tabbatar. Uku! Alhali daga bakina kaɗai ta fito, ina tsaye ina wanke wa uwarsa kwano.

A gaida Mama.

'Yarka,
Zipporah

19 ga Maris

Baba,

Ina fata kuna lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi.

Ran Asabar na je taronsu a garejin Harlan. Mutum kusan ashirin, da kofi da taswirori, ga hoton Nanven an manna a bango, ko suna babu a ƙasansa. Na miƙe na ce, "Ni ce majiyar taku. Ni na riƙe mahaifiyarmu ranar da aka tsamo shi, ba wani jirgi."

Ya dube ni da tausayi, wai, "Zipporah, wa ya tsorata ki?"

Kashegari ya saki sabon bidiyo: an toshe wa yayar yaron baki. Ka ji? Idan na yi shiru shaida ce, idan na musa shaida ce mafi ƙarfi. Na ajiye aikin. Tsohuwar ce kawai ke ba ni tausayi, ba ruwanta.

Suna neman lambarka. Don Allah kada ka ɗauka.

'Yarka,
Zipporah

7 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka, amma ba zan ɓoye ba, ina fushi da kai.

Na gan ka a bidiyon Harlan. Kai, Baba! Da rigarka ta zuwa coci, kana zaune gindin gwaibar gida. Sai da na yi jifa da wayar. Na roƙe ka, na ajiye aikina kan maganar nan, ka je ka zama majiya ta huɗu. Sun yanke inda ka ambaci kududdufi, Mama ta ce sau biyu ka faɗa.

Da na huce na kalla har ƙarshe. Na ji ka ce Nanven gola ne, ba ya cin gwate, kuma shi ke gyara maka rediyo. Ban san da na rediyon ba.

Mama ta gaya min abin da ka ce da ta yi maka faɗa: shekara ashirin ba wanda ya tambaye ka ɗanka, sai wannan Baturen. Mu duka mun daina kiran sunansa don kada ka yi kuka.

Ban yafe wa Harlan ba, ba kuma yau ba. Amma ran Lahadi bayan sujada zan kira. Ka fara min labarinsa tun daga ranar da aka haife shi, kada ka yi sauri.

'Yarka,
Zipporah